Daliyar da Ke Cikin Tsohon Baho

Ma'aikaciyar asibitin ta kama bakin filasta da farce, ta fara ɗaye ta a hankali daga goshin Mushe Sidi, tsohon malamin makaranta. Shi kuwa ya dafe benci da hannu biyu, ya miƙe wuya kamar wanda za a yi wa aski. Dama da hagunsa tsofaffi ne jere, maza da mata, kowa da auduga manne a ido ɗaya. Dukansu jiya ne likitocin da suka zo Tasawa daga Maradi suka cire musu yanar ido.

"Kada ka buɗe sai na ce, Baba," in ji ta. Ta goge masa fatar idon da auduga mai sanyi. "To, bismilla. Sannu-sannu."

Ya buɗe. Da farko haske ne kawai, mai yawa, har hawaye ya zubo masa. Sannan hasken ya fara rarrabuwa, ya zama taga, ya zama bango, ya zama mace tsaye cikin farar riga. Farin rigar ne ya ba shi mamaki. Jiya da take ɗiga masa magani, ya ɗauka rigar ta tsufa ne, ta koma launin kunun gero.

"Yatsu nawa kake gani?"

"Uku. Na tsakiya da zobe."

Ta yi dariya, ta wuce wurin tsohuwar da ke kusa da shi.

Mushe Sidi ya sa tafin hannu ya kare idon dama da aka yi wa aiki, ya duba da na hagu. Ɗakin ya koma yadda ya saba ganin duniya, kamar ana leƙenta ta cikin ruwan shayi. Ya ɗauke hannun, bango ya sake zama shuɗi. Yana cikin wannan gwaji ɗiyarsa Sakina, wadda ke koyarwa a wata lakwal a nan Tasawa, ta shigo riƙe da ledar magani. A gidanta ya kwana.

"Baba, ka gan ni?"

"Na gan ki. Matso nan." Ya kama bakin gyalenta ya murza tsakanin yatsu. "Yaushe kika sauya wanga?"

"Ban sauya ba, shi ne na jiya."

"Wane launi ne?"

"Shunayya mana. Jiya ma ka ce mi ya sa nake son kaya ruwan ƙasa kamar wata tsohuwa. Na ɗauka tsokana ce."

Ya sake kare idon dama. Gyalen ya zama ruwan ƙasa, mara armashi. Ya buɗe, ya ga shunayya mai ɗaukar ido. Ya daɗe riƙe da bakin gyalen, har Sakina ta tambaye shi ko idon na ciwo. Ya girgiza kai.

Likitan ya zo ya haska masa ido, ya ce aiki ya yi kyau. Ya ba shi baƙin tabarau, ya kuma yi masa gargaɗi: ban da duƙawa, ban da ɗaukar kaya mai nauyi, kada ƙasa ko ruwa su shiga idon. Na hagu kuwa sai sun dawo bayan bazara za a yi masa. Mushe Sidi ya yi ta gyaɗa kai, amma rabin hankalinsa ba ya ɗakin.

Suna fita ƙofar asibiti ya ce, "Kai ni tasha."

"Tasha? Baba, mun yi da kai za ka zauna wurina har ranar randebu da za a sake duba idon. Na gyara maka ɗaki."

"Zan dawo ranar. Yau dai gida za ni."

"Doktor ya ce hutu, repos complet. Ka san kanka, in ka ga garkar nan sai ka duƙa."

"Ba zan duƙa ba. Dubawa kawai zan yi."

Sakina ta kalle shi. Ta san muryar tun tana ƙarama, irin wadda yake yi wa aji magana da ita in ya gama shawara. Ta ciro salula ta kira wata abokiyar aikinta ta riƙe mata ajin yamma, sannan ta ce, "To, tare za mu."

Motar Maijirgi, garinsu, ta cika da 'yan kasuwa da buhunan gyaɗa. Wani mutum ya tashi ya bar wa tsohon wurin taga. Suna fita gari Mushe Sidi ya ga abubuwan da ya manta akwai su: ganyen gawo ɗai-ɗai a kan reshe, rubutun da ke bayan amalanke, jan ɗankwalin wata mata da ke can nesa cikin karan dawa. Ya kamata ya yi murna, kuma ya yi. Sai dai ƙarƙashin murnar akwai wani abu mai nauyi da ya zauna masa tun da ya taɓa gyalen nan.

Shekarar da ya aje aikin koyarwa, wani abokinsa direba mai suna Bawa, da ke kai wake Najeriya, ya kawo masa tsaraba daga Jos. Saiwoyi ne masu kama da dankali, nannaɗe cikin takardar siminti. Ya ce sunan abin daliya, fure ne na ƙasar sanyi, ba ya jin zai yi a Maijirgi amma a gwada. Duka suka ruɓe sai ɗaya. Wannan ɗayar ta fito a lokacin sanyi, ta yi fure ja mai faɗin tafin hannu, kuma daga ranar Mushe Sidi bai sake rasa abin yi ba.

Wani mai sayar da dashe a Maradi ne ya koya masa asirin abin. In ka dasa saiwa, uwar za ta dawo yadda take. In kuwa ka shuka ƙwayar iri, kowace za ta fito da nata kamanni, kamar 'ya'yan mutum. Wanda ke son sabon launi sai ya ɗebi garin nan rawaya da ke tsakiyar wani fure, ya shafa a tsakiyar wani, ya rufe kada zuma ta kawo nata, ya jira iri ya nuna, ya shuka baɗi. Haka Mushe Sidi ya yi ta yi. Da sanyi ya yi shuka, da zafi ya tone saiwoyi ya binne cikin yashi a tsohuwar randa, a ɗakin da ya fi kowane sanyi a gidan. Mutanen unguwa kan leƙo ta saman darni su tambaya ko ana ci, in ya ce a'a su tafi suna girgiza kai.

Launi ɗaya yake nema. Mahaifinsa makiyayi ne daga wajen Issawane, yana da rawanin da ba ya naɗawa sai ranar salla, wanda aka rina aka buga har shuninsa ke walƙiya tsakanin baƙi da ja. Wannan walƙiyar yake son gani a fure. Ruwan rijiyarsa kuwa ba ya isar kowace shuka, don haka duk shekara in furanni sun buɗe yakan bi fangali ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaura jan zare ga waɗanda ba su yi masa ba, daga baya ya tumɓuke su. Kafin ya taho Tasawa ya tumɓuke fangali guda cur, 'ya'yan haɗin da ya fi sa wa rai. Duk sun fito ruwan ƙasa.

"Baba, ka yi shiru," in ji Sakina.

"Ina kallon hanya."

Ana kiran azahar suka sauka. Matarsa Barira tana zaune a inuwar bishiyar bedi tana ɓarar gyaɗa cikin faifai. Da jin sallamarsu ta miƙe tana kakkaɓe zane.

"Malam, yau kuma? Ba ka ce sai sati ba? Lafiya dai?"

"Lafiya lau. An dace."

"Alhamdu lillahi." Ta matso tana leƙen bayan tabarau. "Kana ganina?"

Ya ɗaga tabarau kaɗan. Ya ga furfura a bakin ɗankwalinta, ya ga tabon ƙunar mai a wuyan hannunta wanda bai san da shi ba. Ya ce, "Ina ganinki sarai."

Ta kawo ruwa ya sha, ya yi salla a zaune kamar yadda likita ya ce. Yana sallamewa ya nufi garka. Tana can ƙuryar gida kusa da rijiya, kewaye da darnin kara, da ƙofar langa-langa. Ba mai shiga sai shi. Ko Barira in ta taya shi jan ruwa, a bakin ƙofa take aje bokiti ta juya. Ba wai ya taɓa hana ta da baki ba ne, haka dai abin ya zauna.

Ya tura ƙofar ya tsaya. Bai san haka garkarsa take ba. Ja, fari, ruwan goro, ruwan hoda, wasu da fari a bakin ganyen fure kamar an tsoma su cikin nono. Duk wannan yana tsakar gidansa, shi kuwa yana yawo cikinsa kamar mai yawo da magariba.

Ya wuce kai tsaye wurin wadda ya fi ji da ita, wadda ya kafa wa sanda ya yi wa rumfar kaba, yana gaya wa kowa cewa saura kaɗan ta kai. Ya cire tabarau. Ja ce, ja mai duhu irin na zoɓo da aka jiƙa ya kwana. Kyakkyawa ce, amma ko kusa ba ta yi da shuni ba. Gefenta ga fangalin da ya tumɓuke, ƙasa a buɗe, ramuka jere.

"Barira," ya kira, ba tare da ya juya ba. "Waɗanda na cire ran nan, ina suke?"

Tana tsaye a bakin ƙofar garkar, Sakina a bayanta. "Ka ce in zubar a juji, na zubar."

"Suna can?"

"Awakin gidan Mumuni sun cinye tun ranar. Ko kara ba su bari ba."

Ya mayar da tabarau. "Wane launi ne furensu?"

Barira ta waiwaya ta dubi ɗiyarta, ta kai hannu ta taɓa gyalen. "Kamar wanga. Wasu sun fi shi duhu."

Mushe Sidi ya nemi kututturen da yake zama a kai ya zauna. Zuma na ta kaiwa da komowa bisa furanni. Can waje wani mai amalanke ya wuce yana yi wa jakinsa magana.

"Bana kaɗai?" ya tambaya.

"Bara ma an yi irinsu. Bara waccan ma na ga ɗaya, ita ce ma ta fi."

"Mi ya hana ki gaya mini?"

"Na gaya maka, Malam. Kana riƙe da ita za ka jefo waje, na ce wagga ai ta yi kyau, a bar ta. Ka ce aikin ga ba na kallon kyau ba ne, na masu sani ne." Ba da zafi ta faɗa ba, kamar dai mai ba da labarin kasuwar jiya. "Ni kuma ban san mi kake nema ba. Kullum ka ce ba ta kai ba, ba ka taɓa cewa ina za ta kai ba. Na ɗauka wani abu ne da ku masu boko kuke gani."

Ya tuna ranar. Ya tuna har yadda ya miƙa mata shukar ta saman darni da saiwarta a waje. Ya mayar da ido kan ramukan.

Sakina ta ce a hankali, "Baba, baɗi ka sake. Ai yanzu kana gani."

"Uwayen da suka haife su ba su nan. Ɗaya ta ruɓe cikin randa da zafin bana, ɗayar ni na cire ta da hannuna." Ya shafa gwiwa. "Irin kuma duka na shuka, ban rage ba."

Barira ta gyara tsayuwa. "Akwai guda da ban kai juji ba."

Ya ɗaga kai.

"Kada ka sa rai, ta yi yaushi. Hauyarka ta sare mata saiwa. Na ga furenta bai ko buɗe ba, sai ta ba ni tausayi, na tura ta cikin tsohon bahon nan."

A bayan madafa take, inda Barira ke wanke-wanke. Bahon roba ne da ya tsage a gindi, cike da ƙasa da toka, ruwan wankin kwanoni yana bi ta gefensa. Shukar ta langaɓe, ta jingina da bango, ganyenta na ƙasa duk sun bushe. Amma a samanta fure ɗaya ya buɗe. Ƙarami ne, bai kai na cikin garka ba, gefensa har ya fara naɗewa. Mushe Sidi ya cire tabarau duk da hasken ranar da ke sa idon hawaye. Shuni ne, mai duhu a ciki, yana buɗewa zuwa baki, kuma in iska ta motsa shi sai wani ja ya gilma a kansa ya ɓace.

Bai san ya fara sunkuyawa ba sai da ya ji hannun Sakina a ƙirjinsa.

"Baba."

"Dubawa zan yi."

"Daga tsaye. Ko in ɗauko maka kujera."

Ta ɗauko kujerar, ya zauna, furen ya zo daidai fuskarsa. Ya duba karan, ya ga inda ya fara baƙi daga ƙasa. Ya san wannan alamar. Shukar ba za ta kai sati ba, saiwarta kuma ba za ta ajiyu ba. Amma a tsakiyar furen garin nan rawaya ya fito, yana nan ɓus-ɓus. Gobe in rana ta yi, shi ma ya tafi.

"Uwar ba za ta rayu ba," ya ce. "Amma ana iya ɗaukar garinta a kai wa wata. In Allah ya sa ya kama, cikin 'ya'yan wata za ta iya ɗauko ta. Ba tabbas."

"To a yi mana," in ji Barira.

Ya dubi hannunsa, ya dubi garka. Furannin da za a shafa wa duk ba su wuce gwiwa ba, aikin kuma na mai tsugunawa ne ya kai fuska kusa. Sakina ta riga ta harɗe hannu tana jiransa.

"Ke za ki yi," ya ce wa matarsa.

"Ni? Hannuna duk man gyaɗa."

"Ki wanke. Sakina, shiga ɗakina, bisa taga akwai gwangwani, da gashin zabo a ciki da 'yan jakunkuna na gidan sauro. Kawo duka."

Barira ta wanke hannu da toka, ta ɗauraye, ta goge da bakin zane har sau biyu. Ta tsuguna gaban bahon riƙe da gashin zabon kamar mai shirin sa wa jariri kwalli. Ya gaya mata ta taɓa tsakiyar kawai, ta juya a hankali, kada ta danna. Ta yi. Da ta ɗago, bakin gashin ya yi rawaya.

"Haka?"

"Haka. Kare shi da hannu, kada iska ta ɗauke."

Suka koma garka, ita a gaba tana tafiya sannu, ɗayan hannun kewaye da gashin, Sakina a baya da kujera. A bakin ƙofar langa-langa Barira ta tsaya, kamar yadda ƙafarta ta saba.

"Shiga mana," ya ce.

Ta shiga. Sakina ta aje kujerar a bakin fangali na farko, ya zauna da jakunkunan a cinya.

"Wacce za a sa wa?" in ji Barira. "Ta rumfar?"

Ya dubi ta rumfar. Shekara da shekaru ita yake wa hidima, kuma da jiya aka tambaye shi da bai yi wata-wata ba. Ya dubi sauran. Idon dama na hawaye, na hagu yana zuba ruwan shayinsa a kan komai, su biyun sun kasa shiryawa. Wannan garin kuma shafa ɗaya ne, ba a samun na biyu.

"Ido ɗaya gare ni, shi ma bai kwana da buɗewa ba," ya ce. "Ke duba. Ki nemi wadda tsakiyarta ta fara buɗewa, mai ƙarfin kara. Sauran kuma yadda kika gani."

Barira ba ta yi gardama ba. Ta bi fangalin farko har ƙarshe, ta dawo ta na biyu, tana tsayawa tana leƙa fuskar kowane fure. Ta wuce ta rumfar ba ta ko rage tafiya ba. Can kusa da darni, inda ruwa bai cika kaiwa ba, ta tsaya gaban wata fara mai ɗan duhu a tsakiya. Daga inda yake zaune Mushe Sidi ya hango jan zare ɗaure a karanta. Shi ya ɗaura shi da hannunsa, yana nufin in ya dawo daga Tasawa ya cire ta.

"Wagga," in ji Barira.

Ya buɗe baki. Sakina ta dube shi. Ya rufe, ya zaɓi jaka ɗaya daga cinyarsa, ya miƙa wa ɗiyarsa.

"Kai wa innarki," ya ce. "In ta gama shafawa ta rufe, ta ɗaure bakin da kyau. Ta kwance zaren da ke jikin karan, shi ma zai yi ɗauri."